Tuntun Baba Mai Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Ƙofa ya yi yana buɗe wa baƙi ƙofar otal, sanye da jan kwat da hular aiki wadda aka soka wa farin gashin jimina a gefe. In ka kira abin nan gashi a gabansa, sai ya ɗaure fuska.

"Gashi ai na kaza ne," in ji shi. "Wannan tuntu ne."

Da shi yake gaisuwa. Babban baƙo, tuntu ya rusuna har ƙasa. Direban tasi mai tare hanya kuwa, ko motsi ba ya samu. In hadari ya haɗo, hular ce ke fara shiga rumfa, kafin mai ita. Babban abin alfaharinsa, wanda masu shara suka haddace, shi ne tun ranar da ya kama aiki bai taɓa sauya tuntun nan ba.

Ran da zai yi ritaya, manaja ya shirya ɗaukar hoto ƙarfe goma. Da safe Baba ya zauna bakin gado zai ɗaura takalmi, sai ya ji ƙaras! Ya ɗaga a hankali, ashe kan hular ya zauna. Tuntu ya karye gida biyu.

"Uwar yara, na shiga uku! Da wace fuska zan tsaya gaban mutane?"

Matarsa ko tsaki ba ta yi ba. Ta miƙa hannu bayan kabad, ta zaro tsohon abin kakkaɓe ƙura, duk ya yi sanƙo, saura gashi ɗaya tal. Ta fizge shi, ta kara a tururin buta har ya buɗe, ta soke a hular.

"Na tara ke nan, Malam. Uku ka zauna a kansu, biyu ɓera ya ci, sauran ruwan sama ya lalata."

Baba ya daɗe yana kallonta, baki buɗe.

Wurin hoto, manaja ya ce, "Baba, shekara talatin da ɗaya da tuntu guda! Mene ne sirrin?"

Baba ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, sirrin yana gida."

Da yamma ya mayar da kwat da hula, amma ya roƙi a bar masa tuntun. Ya kai wa matarsa da hannu biyu. Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta kakkaɓe rediyo.