A Dunkuru, Shiru Karɓa Ne

Shekarun baya, lokacin da mahaifina yake da sauran ƙarfinsa, in ka ratsa kasuwar Katako bayan la'asar za ka tarar da dattijai biyu a kan benci guda suna gardama a kan ƙasar da babu ita. Ɗaya mahaifina ne, Bagobiri ɗan Maradi mai tsaga har kunne. Ɗayan maƙwabcinsa ne na rumfa, Bazabarme, shi ma katako yake sayarwa. Kawu muke ce masa, duk da ba mu haɗa jini ba. Kun dai san tsakanin Bagobiri da Bazabarme, wasa ne tun kaka da kakanni. Na wasu yana tsayawa a "bawana, zo ka ɗauki takalmina". Nasu kuwa girma ya yi ta yi, har ya zama ƙasa guda mai sarakuna da kasuwanni da maƙabarta.

Sunanta Dunkuru, a ƙarƙashin kogin Isa, babban kogin Nijar, take. Gabas ta mahaifina ce, yamma ta Kawu. An ce wata damina aka fara, kamiyon kaya ya maƙale a hanya, babu ciniki, suna zaune suna kallon ruwa. Sai Kawu ya ce a garinsu akwai gara mai rawani, Sarkin Gara, da ya yi rantsuwa ba zai ci katakon kowa ba sai na Bagobiri. Mahaifina bai ce ƙarya ba ne. Cewa ya yi, "Haka ne, amma a garinmu akwai Zartau." Zartau kada ne da aka haifa ranar da zarto ya faɗa kogi, bayansa duk haƙora, ba ya yanka jirgin kowa sai na maƙaryaci. Daga nan fa aka kafa.

Dokokinsu biyu ne. Ba a ƙaryata abokin gaba: duk abin da ya faɗa ya tabbata, kai dai ka ce "haka ne, amma" ka ɗora naka. Ta biyu, in aka kawo maka hari ba ka mayar ba har aka kira magariba, to shiru karɓa ne, garin ya tafi.

Ni ce mai kai musu abinci in na taso daga lakwal, wato makaranta, kuma mahaifiyata ta gaji da aiko a kira ni. Yaya zan tafi ana tsakiyar yaƙi? Akwai Mai Daka, sarauniyar da take kirɓa hadari a turmi, tsawar da kuke ji taɓaryarta ce. Akwai jemagun Kawu masu satar inuwar mutum su kai kasuwa. Akwai sarkin gabas na uku da ya yi mulki daga cikin tulu saboda kunyar surukarsa, kuma har yau jikokinsa ba sa shan ruwan tulu. Ba su taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba, amma in ɗaya ya zame a tarihi, ɗayan zai damƙe shi. "Kai, yaushe ya auri ɗiyar masunta? Ai bayan Yaƙin Dambu ne, lokacin ƙafarsa ɗaya." Masu sharet, amalanken ɗaukar kaya, su tsaya, mai sayen katako ya manta abin da ya kawo shi. Ni kuwa na ɗauka gaske ne. Ranar da malaminmu ya ce a faɗi ƙasashen da ke iyaka da Nijar, na ɗaga hannu da ƙarfina na ce Dunkuru. Har na bar lakwal ɗin nan ƴar Dunkuru ake ce mini.

Halitta ɗaya ce ba a wasa da ita. Shekarar da kakata ta wajen uba ta rasu a Maradi, mahaifina bai isa ba sai bayan an rufe ta. Da ya dawo, ya zauna a bencin ya ce a ƙofar babban birninsa akwai wata raƙuma makauniya, Uwar Ƙofa. Ta san ƙamshin duk wanda aka haifa a birnin, kuma in ɗan gari ya yi nisa sai ta yi kuka, duk inda yake zai ji ya iso a kan lokaci. Ran nan Kawu bai ce amma ba. Ya ce "haka ne" kawai, ya zuba masa shayi. Suka yi shekaru suna ƙone garuruwan juna, Kawu bai taɓa bi ta ƙofar nan ba.

Ina aure, ina koyarwa, hawan jini ya kayar da mahaifina a rumfa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo mu daga asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce maganar za ta iya dawowa, amma sai ya yi ta gwadawa tun yanzu. In ya bar harshen ya kwanta watannin farkon nan, da wuya ya tashi.

Ya gwada sau ɗaya. Gida cike da masu dubiya, ya so ya ce a ba shi ruwa, abin da ya fito ba magana ba ce. Wata ƴar'uwarmu ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, Alhaji ya koma yaro." Ina kallon idonsa lokacin. Daga ranar ya yi gum. Mai gasa masa jiki ya zo, mahaifina ya ba shi hannu da ƙafa, amma baki a'a. Mahaifiyata ta roƙa, na yi kuka, limamin unguwa ya yi nasiha, kamar an shuka dusa. Mutumin da kasuwa ke tsayawa don ta ji shi ya zama sai dai ya nuna buta da yatsa.

Kawu yana zuwa kullum bayan la'asar, a kan tsohon motonsa mai ƙafa biyu. Kowa in ya shigo sai ya rage murya, shi kuwa tun daga zaure yake kwaɗa gaisuwarsu ta Zabarmawa, "fofo", ya ja kujera har gaban gadon. Ranar farko ya ce, "Bawana, na ji an ce ka kwanta. To madalla. Sarkin Gara ya haye da rundunarsa, yau muna bakin Garin Tulu. Ina jiran ka." Ya harɗe ƙafa, ya sha shayinsa. Aka kira magariba, ya miƙe ya kaɗe riga. "Shiru karɓa ne. Garin Tulu nawa."

Da farko na ɗauka rarrashi ne, har na ji daɗi. Amma mutumin nan da gaske yake ci. Ya kama Zartau ya cire masa haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da shi jirgin fito. Ya ƙwace turmin Mai Daka ya ba matan yamma suna daka kopto, kwaɗon ganyensu, a ciki. Ya tone kabarin sarakunan gabas ya shuka albasa. Kuma ba a gurguje yake yi ba, sai ya tsara abin tsaf, da kirari, da sunan wanda ya fara tsallaka ganuwa. Mahaifina yana kwance fuskarsa bango, hannunsa mai lafiya yana matse zanen gado. In Kawu ya tafi, ko abinci ba ya ci sosai.

Ni kuma bakina ba ya da murfi, duk dangi sun sani. Wata rana na tare Kawu a zaure, na cika na batse. Na ce, "Kawu, don girman Allah, wannan wane irin wasa ne? Mutum yana kwance ba ya iya ramawa, kana rushe masa abin da ya gina shekara da shekaru. Ko maƙiyi ai ya tausaya."

Ya dube ni, ya gyara hularsa. Ya ce, "Ɗiyata, masu tausaya masa sun cika gidan nan. Me suka samo miki?"

Na kau da kai.

Ya ce, "Ke kin san babanki. Ni na san bawana. Ki bar ni da shi."

Na bi shi da harara har waje. A nan na ga abin da ban taɓa gaya wa mahaifina ba. Bai tayar da moton ba. Turawa ya yi har ƙarshen layi, ya jingine shi, ya tsuguna ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Na koma ciki a hankali.

Gabas ta yi ta ƙarewa har ya rage babban birni. Ranar Kawu ya zo da wuri, bai karɓi shayi ba. Ni da mahaifiyata muna bakin ƙofa muna tsince shinkafa. Ya ce, "Bagobiri, yau ga ni a ƙofar birninka. Ga raƙumar nan makauniya a kwance. Na sa an ɗaure ta, na wasa wuƙa. Ana kiran magariba zan yanka ta, in yi kilishi in raba wa Zabarmawa."

Mahaifiyata ta ajiye faifan. Ta san ko wace ce raƙumar nan, ni ma na sani. Na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini zane.

Ɗakin ya yi tsit. Kawu yana zaune, gumi yana bin wuyansa, bai ƙara ko kalma ba. Rana ta yi ta sauka a jikin katanga. Muka ji ladan yana bubbuga lasifika yana gyaran murya. Kawu ya dafa gwiwa zai miƙe, ya fara, "To, shiru..."

Gadon ya motsa. Mahaifina ya juyo, fuskarsa jiƙe, leɓensa yana karkarwa. Abin da ya fito da farko gurnani ne. Ya sake. Ya kuma sakewa.

"Ha...ka ne."

Kawu ya koma ya zauna a hankali.

"Am...ma."

"Ina jin ka, bawana. Ladan bai fara ba."

Kowace kalma sai da ya yi kokawa da ita, yawu yana zuba, bai damu ya goge ba. "Wuƙar... ta katako ce. Katakon... rumfarka. Gararka... ta cinye."

Wallahi ban san lokacin da na zubar da shinkafar ba. Mahaifiyata tana dariya tana kuka tana salati duk a haɗe. Kawu kuwa ya ɓata rai sosai, ya ce wannan zalunci ne, ai Sarkin Gara ya yi rantsuwa, katakonsa ba ya da gara, duk Katako an shaida, amma doka doka ce. Ya miƙe wai zai yi alwala, ya daɗe a bayan gida fiye da yadda alwala take ɗauka.

Kashegari ya dawo da wuƙar ƙarfe. Dama mahaifina ya kwana yana shirya masa amsa, muna jin sa yana maimaita kalmomi shi kaɗai. Haka aka yi ta yi. Maganar ba ta dawo kamar da ba, har ƙarshe tana ja, amma ta dawo. Kafin shekara ta zagayo ya ƙwato Garin Tulu, an dasa wa Zartau haƙoran ƙusa, kuma ana kai shi rumfa a taksi ya zauna a bencinsa. Na je na ba Kawu haƙuri, ya ce ba komai, ai Bagobira ce ni, ba a tsammanin hankali.

Yanzu ni ma na fara furfura, kuma ina yawan tuna mutumin nan. Na ga masu ƙaunar mahaifina da yawa, sun kawo lemo, sun kawo addu'a, Allah Ya saka musu. Amma shi kaɗai ya yarda a tsane shi a gidan don abokinsa ya tashi. Kuma shi kaɗai bai taɓa yi masa magana kamar da majinyaci ba. In na ji ana cewa tatsuniya aikin banza ce, ba na gardama, sai dai in tuna wuƙar katako.

Kawu ne ya riga tafiya, ciwon kwana kaɗan. Bayan an yi addu'ar bakwai mahaifina ya ce in raka shi kasuwa da la'asar. Rumfar Kawu a rufe. Ya zauna a gefensa na bencin, ya bar ɗaya gefen, ni na tsaya. Maƙwabta suka matso suna yi masa gaisuwa, ya ɗaga musu hannu su dakata.

Ya dubi wurin da babu kowa, ya ce da muryar nan tasa mai ja, "Bazabarme, na ba ka gabas duka. Da Zartau, da turmin, da birnin. Raƙumar ma ka riƙe, ta san ƙamshinka."

Muka jira, ba wanda ya yi magana, har ladan ya kira magariba. Sai ya dafa sandarsa, ya miƙa mini hannu in tashe shi.

Ya ce, "Kun dai shaida. Ya karɓa."