Hanyar da ta Naɗe Kanta ta Bar Gari

Kakata ta wajen uba, Iya Tabawa, ba ta yin tatsuniya sai an gama girbi an zuba dawa a rumbu. Takan ce da damina kowa a gajiye yake, ba za ta ɓata bakinta a kan masu gyangyaɗi ba. Amma da sanyi ya shigo, bayan an ci tuwo, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne mana dankali a toka, ta ɗauko mazari da auduga. A lokacin ba a haƙa kanal ba, ruwan Tiga bai iso ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure ba. Da rani babu noma, sai hira.

Ni take fara tsokana. "Maigidana, matso mana. Miji ba cefane, ba zane, sai cin dankali." Sauran jikoki su yi ta dariya. Sannan ta murza mazarin ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce mun ba ta.

Akwai guda ɗaya da ta fi zauna mini. Wai an yi wani gari mai hanya guda tak zuwa rafi, faffaɗa, har shanu biyu kan jera ƙahonsu bai taɓa juna ba. Wata shekara wani manomi ya dubi hanyar ya ce ai ta yi faɗi da yawa, ya ƙara kunya ɗaya ta dawa a cikinta. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya ƙara tasa. Da wata daminar ta zagayo kowa ya sake ƙarawa. Raƙumi ya daina wucewa. Bayansa jaki mai mangala ya daina. Har ta kai mace mai tulu sai ta karkace take ratsawa.

"Hanya kuwa tana ji," in ji Iya, ta rage murya. "Ana ta gatsar ta tana haƙuri. Ran nan sai ta ce, to, tunda cinye ni za ku yi, ku zauna lafiya. Ta naɗe kanta kamar tabarma, ta yi gaba."

Gari ya waye ga dawa ko'ina, ba wurin sa ƙafa. Mai zuwa rafi sai ya taka gonar wani, mai gona ya fito da sanda. Ƙishi ya kama mutane, ga rafi suna jin ƙararsa. Dattawa suka bi hanya suna ba ta haƙuri, ta ƙi ko kallonsu. Sai yaran gari suka je. Ta dube su ta ce, "Ku ba ku ci ni ba. In ku za ku tsare ni, zan koma."

Mukan tambaya, "Iya, ta koma ɗin?"

"Tana hanya," ta ce. "Ku tono dankalinku kafin ya ƙone. Wanda barci ya sace, shi ya sani."

Iya ba ta ga zuwan kanal ba. Mu muka gani, kuma Allah ya yi mana arziki da shi. Ƙasar da a da take kwance wata shida ta koma ba da shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Taƙi ɗaya na ƙasa ya zama abin so. A bayan garinmu kuwa akwai burtali, wato hanyar shanu, da shingen aguwa a gefe da gefe, inda Fulani ke bi da garkensu zuwa mashaya. Ba na kowa ba ne, na kowa ne. Muka tuge aguwar, muka shiga ƙara kunya. Gonata ce a bakin burtalin, kuma ban bari an bar ni a baya ba. Ban taɓa jin ina yin laifi ba, don duk wanda na waiwaya na gani abin da yake yi ke nan. Ko sau ɗaya labarin Iya bai faɗo mini ba. Na ɗauka na yara ne.

Da burtalin ya tsuke, shanu suka fara faɗawa gonaki. Bara aka kusa zubar da jini a kan fangalin albasa, da ƙyar Mai Unguwa da Arɗo suka raba. Kowa ya san in aka sake irin wannan, sai an ɗauki gawa.

Bayan haka ne samarin garin suka haɗu da samarin rugar, waɗanda tare suke buga ƙwallo, suka ce za su dawo da burtali yadda yake. Mai Unguwa ya sa musu albarka, ya nuna musu tsofaffin iyakoki, amma ya ce shi ba zai tilasta wa kowa ba. Suka zo mini da hantsi, da igiya da turaku da dashen darbejiya a baro. Jikana Nura ne a gaba. Na san dalilin da ya sa suka fara da ni. In na ƙi, duk na bayana sun sami hujja.

"Tsoho, mun zo karɓar bashin shanu," in ji Nura bayan an gaisa.

"Kai da ko akuya ba ka da ita?"

"Shi ya sa aka sa ni shugaban kwamiti. Ba ni da gona, ba ni da saniya, ba wanda zai ce na yi son kai."

Suka ja igiya, ta bi ta tsakiyar tumatirina, ga shi ya fara fure. Na ce su bari in cire amfanin tukuna, in ya so sai a yi. Nura ya durƙusa, ya bar wasa.

"Baba, wallahi kowa haka zai ce. Mai albasa ya ce a jira albasa, mai shinkafa ya ce a jira shinkafa. Nan kuwa ƙasa ba ta hutawa. Shanun kuma sun kusa saukowa."

Na dubi tumatirin, na dubi samarin. Wani ɗan Fulani a cikinsu, Jauro, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya, kamar shi ne mai laifin. Ganinsa ne ya karya mini zuciya. Na sunkuya na tuge tushen farko da hannuna. Ban so wani yaro ya ɗauki nauyin taɓa shukar dattijo ba.

Yanzu nakan zauna in yi ta juya labarin nan. Da ina tsammanin Iya kwaɗayi take ja mana kunne a kai. Sai da na tsufa na lura da wurin da ta fi nauyaya murya, wato inda hanya ta ƙi dattawa ta saurari yara. Mu manya kowa yana da abin da yake karewa, shi ya sa maganarmu ba ta da nauyi a kan abin da yake na jama'a. Kuma shekara da shekaru muna cewa samari ba su damu da komai ba, alhali ba mu taɓa damƙa musu wani abu mun ce su tsare ba, sai dai aike. Allah ya jiƙan Iya, ya saka wa yaran nan da alheri.

Aikin bai ƙare ba. Yawancin masu gona sun sakar musu, amma maƙwabcina Malam Idi ya ce ko taƙi ba zai bayar ba. A daidai gonarsa burtalin ya shaƙe, shanu sai ɗai-ɗai suke wucewa, samari biyu na tsaye suna kare masa shuka. Ni a shekarunsu da tuni na yi masa rashin ɗa'a. Su kuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai su je ƙofar gidansa, su tuɓe takalma, su gaishe shi, su tambaye shi ya ƙarfin jiki, su tashi. Ba sa ta da maganar burtali. Jiya Malam Idi ya same ni a inuwa, ya zauna, ya ce, "Malam Sale, yaran nan fa sun hana ni barci."