Takalmin Alhaji a Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga Kazaure, tun duwatsun bayan gari ba su gama fitowa daga duhu ba. Bazara ce, irin wadda bango ke kwana da ɗuminsa, kowa ya yi shimfiɗa a tsakar gida. Mu uku ne a adaidaitar da ta kai mu tasha: ni, da Goggonmu ƙanwar mahaifinmu, da babbar Yayarmu da ke aure a Roni. Na ce ke aure, bakina ne bai saba ba. Mijinta Alhaji ya rasu, ta gama takaba, kuma dalilin tafiyar ke nan.

Duk wanda ya san Yaya a da ya san mace mai baki da dariya, wadda ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta ba sa kai la'asar a kasuwar Roni. Ranar fitar takaba mun yi mata duk abin da ake yi, wanka da sabuwar atamfa da lalle da kwalli. Ta miƙa mana hannu muka ƙunsa, muna watsewa ta koma ɗaki ta zauna. Ba ta dafawa, ba ta fita, magana sai an ja ta. In ta buɗe baki za ta ambaci Alhajin, sai mu yi caa a kanta: "Yi haƙuri Yaya, a daina tunawa, addu'a yake bukata." Sai ta yi shiru. Da ɗanta na Kano ya ga haka ya ce kafin ruwa ya sauka zai zo ya ɗauke ta, ya kulle gidan. Ba mugunta ba ce, tausayi ne. Amma mu mun san in aka ɗora Yaya a saman bene, babu tsakar gida babu turmi babu maƙwabta masu leƙowa, an gama da ita. Goggo ta ce masa, "Ba ni ita tukuna in kai ta ta sha iska. In mun dawo ba ta farfaɗo ba, ka ɗauka." 'Yar Goggo da ke aure a Agege can Legas ta daɗe tana mana ƙorafin rashin zumunci, sai muka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai tun a tasha: takalman da ke ƙafar Yaya. Na Alhaji ne, tsofaffin takalman fata na maza da ya yi shekaru yana fataucin shanu zuwa Ikko, wato Legas, da su. Da aka fitar da kayansa sadaka ta ɓoye su, tun daga nan kuma ba ta sa wasu. Sun yi mata yawa, tana jan su kamar yarinya ta sa na babanta. Na ce, "Haba Yaya, da waɗannan za ki shiga Legas?" Ko kallona ba ta yi ba. Goggo ta mintsine ni, na ja bakina.

Kuɗin mota kam ba a cewa komai. Abin da ya fita daga jakata tsakanin Kano da Legas zai sayi tunkiya mai ciki a kasuwar Gwiwa. Ga kayan Goggo: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu a galan. Direba ya duba ya ce, "Hajiya, ƙaura ce?" Ta ce masa tsaraba ce, in uwarsa ba ta koya masa ba ita za ta koya masa.

Ni mai son taga ce, don haka ban runtsa ba. Har Zariya ƙasa irin tamu ce, fayau, an share gonaki ana jiran sama. Muna wuce Kaduna ta fara sauya kama, ciyawa ta fara leƙowa. Kafin mu kai Lokoja na ga masara ta kai gwiwa, alhali mu ko iri ba mu fitar ba. Na yi ta mamakin yadda ƙasa ɗaya take da damina biyu. Da muka hau doguwar gadar kogin Kwara, Goggo ta leƙa ta ga ruwa iya ganinta, ta ce, "To alhamdulillahi, ga tekun nan mun gani, sai mu juya." Duk motar aka yi dariya, ban da Yaya. A Lokoja muka yada zango gidan wata ƙawar Goggo da suka yi aikin Hajji tare, don Goggo ta rantse ba ta tafiyar dare. Aka kawo soyayyen kifi mai yaji, na ci har na ji kunya. Yaya ta riƙe nata har ya huce.

Washegari muka ratsa duwatsun Okene. Kamar na gida suke, sai dai su sun sa riga, namu tsirara. Daga nan sai kurmi, itatuwa sun haɗe kai a saman hanya, man ja jere a kwalabe, garin rogo a buhuna, ayaba nono-nono a kuɗin da bai kai na 'yar ƙullin da muke saya ba. Ibadan kuwa rufin kwano ne mai tsatsa har inda ido ya ƙare. Abin da ba wanda ya faɗa mini shi ne zafin can. Namu ƙuna yake, nasu jiƙa yake. Zufa ba ta bushewa, wanki ba ya bushewa. A gida kafin ki gama shanya zani na biyu na farko ya bushe, a Agege hijabina ya kwana a igiya ya tashi da danshinsa.

Muka huta, muka sha hira da 'yar Goggo, sannan ta ce za ta kai mu Badagiri, tsohon garin bakin teku da ke kusa da iyaka. Hanyar na da tsawo, shingayen jami'ai kuwa kamar an shuka su. Muna shiga garin na ji wani ɗan canjin kuɗi yana kiran "sefa, sefa" da Hausa tsantsa, na waiga don na zaci a Babura nake. Ashe duk bakin iyaka halinsa ɗaya. Garin shiru yake ba kamar Legas ba, tsofaffin gidaje, bishiyoyin kwakwa, iska mai ƙarnin kifi. Aka nuna mana wani tsohon bene mai matakalar katako, aka ce yana cikin na farko da aka gina a ƙasar nan. Goggo ta kalle shi sama da ƙasa ta ce ita dai ba za ta hau ba, ba ta zo Kudu don ta karye ba.

A gidan tarihi dariyarmu ta ɗauke. Sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su suna nan, na wuya da na ƙafa, har da ƙanana. Mai yi mana bayani yana magana 'yar Goggo tana mayar mana da Hausa. Ya ce in ɗaga ɗaya, na sa hannu biyu da ƙyar ta bar ƙasa. Ya ce daga nesa ake koro mutanen, wasu ma daga wajejenmu. Na tuna dogon kurmin da muka ratso a zaune muna ƙorafin ciwon baya.

Daga nan sai kwalekwale mai inji, don sai an tsallake wani ruwa kafin a kai bakin tekun. Aka ɗaura mana rigar ruwa a kan hijabi, muka zama kamar buhunan gero. Babu addu'ar da Goggo ba ta karanta ba, har da addu'ar shiga kasuwa. A ɗaya gaɓar muka bi wata hanyar rairayi, wadda aka ce ita bayin ke bi zuwa jirgin ruwa. A tsakiyarta akwai wata tsohuwar rijiya. Mai bayani ya ce ana ba su ruwanta su sha, wai don su manta gida da danginsu, kada su yi ta waiwaye. Ina leƙa rijiyar sai na ji murya a bayana.

"Kuma sun manta ɗin?"

Yaya ce. Tun da muka bar gida ba ta yi tambaya ba sai yanzu. 'Yar Goggo ta mayar wa mutumin, ya ɗaga kafaɗa ya ce haka dai ake faɗa. Yaya ta ce, "Ƙarya ne. Shiru dai suka yi, don ba mai saurare." Ta ja takalmanta ta yi gaba. Ni da Goggo muka kalli juna, kowa ya san inda maganar ta sauka.

Tun ba mu ga tekun ba muka ji shi, wani irin ruri kamar manyan motoci a jere. Da muka hau tudun rairayin kuwa, sai ga shi a gabanmu. Ruwa ne babu ɗaya gaɓar, ya tafi har ya haɗe da sama. Duk abin da na sani game da ruwa a dam ɗin Kazaure na koye shi, kuma shi inda kika bar shi jiya nan za ki same shi yau. Don haka muka yi abin da kowace 'yar garinmu za ta yi: muka tuɓe takalma muka jera su tsaf a bakin ruwa inda rairayi ya jiƙe, don kada zafi ya gasa su. Wata mai sayar da kwakwa ta taso tana ɗaga hannu, tana nuna takalman tana magana da yarensu. 'Yar Goggo ta tsaya baya wajen sallamar mai bayani, babu mai fassara. Goggo ta ce, "Mun ƙoshi, baiwar Allah, mun gode." Muka bar ta tsaye.

Na ɗanɗana ruwan, gishiri kamar an yi ɓarin buhu. Goggo tana tambaya ko alwala ta halatta da shi, tana ba kanta amsa. Muna cikin haka sai wata igiyar ruwa da ta fi 'yan'uwanta ta taso, ta buge mu har cinya, ta wuce mu ta hau tudu, ta dawo da gudu. Da na goge idona, wurin takalma wayam. Nawa da na Goggo suna can gefe sun kife. Na Alhaji ƙafa ɗaya ce kawai a kan rairayi, ɗayar tana lilo a kan ruwa.

Yaya ta zabura ta bi shi. Wallahi ban san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Na ruga na cafke ta ta ƙugu, mai kwakwa ta kama hannunta, ruwa yana jan rairayi daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Tsoron da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, don na ga alamar in na sake ta ba za ta tsaya ba. Muka ja ta baya da ƙyar. Takalmin ya taho kamar zai fito, har ya kusa taɓa ƙasa, ruwa ya mayar da shi. Ya sake tahowa, ya sake komawa. Daga nan ya yi nisa, muna gani har ya ɓace.

Na jira kuka. Sai na ji kafaɗarta tana rawa a jikina, ashe dariya ce, da hawaye a haɗe.

"Kun gan shi ko?" in ji ta. "Halinsa ke nan. Ya zo bakin ƙofa kamar zai zauna, ki ɗora tukunya, sai ya ce an yi lodin shanu."

Bakina ya ɗauko "yi haƙuri Yaya" don sabo, Goggo ta taka mini ƙafa. Muka zauna a kan rairayi da jiƙaƙƙun zannuwa, mai kwakwa ta fasa mana kwakwa, Yaya ta yi ta ba da labarin mijinta. Yadda yake dawowa da warin shanu da burodin Agege a hammata. Yadda ya yi ta cika mata baki cewa zai kawo ta ta ga ruwan da ba shi da ƙarshe, kullum sai baɗi. Yadda suka taɓa yin gaba a kan barkono. Ta shanye ruwan kwakwarta ta karɓi nawa.

Da ƙafa ɗaya ba a tafiya, don haka a hannu ta riƙo shi, ta tako rairayi mai zafi ba takalmi har bakin kwalekwale. A kasuwar garin na ɗauko mata baƙaƙen silifa, ta ture ta ce ita ba tsohuwa ba ce, ta zaɓi masu ruwan goro. Ta tsaya ciniki da Bayarabiya, babu mai jin yaren wani, da yatsu da harara, har matar ta sallama tana dariya. Goggo ta raɗa mini, "'Yar nan, mun samu."

Dawowa ba ta yi mini tsawo ba, don Yaya ta karɓe tagar, tana tambayar sunan kowane gari. Mun iso gida hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska tana ƙamshin ƙasa. Ranar da ɗanta ya zo da mota ina Roni. Ya tarar da ita a tsakar gida gaban kasko tana suyar gyaɗa, hayaƙi ya cika gidan, maƙwabta biyu na taya ta ɓarza. Takalmin Alhaji na rataye a ƙusa saman ƙofar ɗaki. Ya gaishe ta, ya kalli takalmin, ya tambayi ina ɗayan.

"Yana Ikko," in ji ta. "Ubanka dama haka ya rayu, ƙafa ɗaya a can, ɗaya a nan. Ni kuwa duka biyun nawa suna nan gidan. Ka ci abinci ka koma kafin ruwa ya tare ka."

Ya koma da galan ɗin man gyaɗa a bayan mota, makullin da ya zo da shi yana aljihunsa.

Na je Kudu don in ga teku, na kuwa gan shi, kuma ina ba duk mai zuwa shawara ya ajiye takalminsa can kan tudu, in mai kwakwa ta yi magana ya saurara. Amma babban abin da na taho da shi a bakin rijiyar nan na tsince shi. Watanni muna ɗura wa Yaya ruwan mantuwa da sunan lallashi, ita kuwa mai saurare kawai take nema. Da yamma, bayan an kwashe gyaɗa, ta ce in zauna ta faɗa mini yadda Alhaji ya fara zuwa zance gidanmu da aron keke. Na jawo tabarma na zauna, ban ce mata ta yi haƙuri ba.