Mai Zane a Tashar Gure

A tashar Gure wani dattijo yana zaune kusa da mai dabino, yatsunsa duk tawada. A cinyarsa akwai tsohon littafin labari cikin zane, an ɗinke shi da zare. Yatsa yake bi kan layukan, a hankali. Ina jin zane ne sana'arsa, don jakarsa cike take da sababbin irinsa.

Mai dabinon ta ce, "Baba, da furfurarka kake karatun yara?"

Ya ce, "Ɗiyata, tun ina ɗan makaranta a lakwal akuya ta cinye shafin ƙarshe. Har yau ban san ko matafiyin ciki ya isa gida ba."

Ya buɗe kaye, littafin da yake zane a ciki, ya soma zana ƙofar wani gida. Ana ta kiran fasinjan Damagaram, bai ɗago ba.