Abin da Tanas Yake Goye da Shi

Ranar da reshen tuffa ya karye da maƙwabcina Tanas, ya faɗo zaune cikin kwanon madarar da aka kawo a sa wa albarka, duk ƙauye yana wurin. Ranar Waliyyi Georgi ce, ƙanƙara ta narke, an yanka 'yan raguna, kowa ya zo a auna shi ƙarƙashin ɗanyen itace kamar yadda muke yi duk shekara don neman lafiya. Tanas ya miƙe, madara na tsiyaya daga wandonsa. Na ce, "Maƙwabci, tumaki ake tatsa yau, ba tsofaffi ba!" Har limamin cocinmu, Fada Haralambi, sai da ya ɓoye baki cikin gemu.

Abin dariyar shi ne, Tanas siriri ne kamar sandar kiwonsa. Mijina Miho ke riƙe da sikelin ƙauye, na ƙarfe mai ƙugiya, wanda ake ratayewa mutum ya zauna cikin igiya, a ja dutsen awo har sandar ta daidaita. Shekara talatin yana auna Tanas, kullum kilo sittin.

Aka mayar da sikeli kan babbar bishiyar ƙofar coci, Tanas ya sake zama. Miho ya ja dutse, ya ƙara ja, ya kuma ƙara, sannan ya ce a hankali, "Ɗari da talatin da ɗaya."

"Ka sha giya tun da safe ke nan, Miho," in ji ni.

Aka sauke shi aka ɗora ni. Nauyina na bara ne cif, kuma ba zan faɗa ba. Aka mayar da Tanas, sikeli bai canza magana ba. Wata tsohuwa ta ƙirga da yatsu, ta yi alamar gicciye. Kera matar Tanas, wadda muka binne a hunturun nan, saba'in da ɗaya ta yi a awonta na ƙarshe. Dariya ta ɗauke.

Tanas makiyayi ne tun yana yaro, cukunsa kuwa sai ka lashe wuƙa. Ya auri Kera yana ɗan shekara ashirin, suka yi arba'in suna faɗa. Bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka ban taɓa sayen rediyo ba. Da ƙafafunta suka mutu, shekara biyu yana goya ta: zuwa coci, zuwa bayan gida, zuwa bakin ƙofa ta sha rana. Tana bayansa tana masifa, "Kauce wa rami, makaho!" Shi kuma ya ce, "Ki sauka mana ki nuna mini."

Bayan rasuwarta bai miƙe ba. A duƙe yake tafiya, hannuwa haɗe a ƙasan baya. Mun ɗauka sabo ne. Amma bayan awon nan sai muka fara lura. Sawunsa a laka ya fi na Miho zurfi. Karensa da ke bin diddigensa ya koma tafiya a gaba, yana waige. In zai shiga ɗaki sai ya sunkuya fiye da yadda kansa ke bukata.

A sikelin da yake auna cukunsa kuwa, ranakun da ba na waliyyi ba, nauyinsa kaɗai ake gani. Shekara ta biyu ya koma hamsin da biyu, amma ranar Georgi sikeli ya ce ɗari da talatin da ɗaya. Ba sai ka yi boko ba za ka gane: abin da ya rasa, ita ta samu. Shekara ta uku ya koma arba'in da biyar. 'Yarsa Nedka ta zo daga birni, ta kai shi wurin likita, ba a ga komai ba. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na binne ɗaya, kada ka sa in binne biyu." Ya yarda a yi addu'a a sallami Kera.

Ranar Georgi ta sake zagayowa. An kunna kyandir a ƙahon ɗan rago, mata sun ɗaura ganye a bokitan tatsa, raɓa ba ta bushe ba. Tanas ya zauna cikin igiya, Fada ya ajiye kwanon ruwan albarka a gabansa, ya fara karatu yana yayyafawa. Babu iska, amma ganyen reshen nan kaɗai na kaɗawa.

Miho yana bin sanda da dutse, yana faɗin lamba. "Ɗari da ashirin. Ɗari da biyar. Casa'in."

Bayan Tanas ya fara miƙewa, ƙashi na ƙara kamar ana karya ƙirare. Jini ya dawo masa fuska. Nedka tana kuka tana godiya.

"Saba'in. Sittin."

Sai na ji tari. Ɗan gajeren tari busasshe, daidai bayan kunnensa na hagu. Shekara arba'in ina jin tarin nan ta bango, ba wanda zai ce mini na wani ne.

Tanas ya kai hannuwa baya da sauri, ya yi irin girgizar mai gyara goyon da zai zame, ya sa ƙafa ya shure kwanon Fada. Sanda ta buga sama, ƙarfe ya yi ƙara, reshe ya lanƙwaso. Miho bai faɗi lamba ba, ba mu kuma tambaya ba.

Tanas ya sauko a duƙe, ya ratsa mu, mutane na ba shi hanyar mutum biyu. Ni kuwa bakina ba ya hutu. Na ce, "Tsohon banza, za ta cinye ka! Baɗi sai dai mu auna hularka!"

Ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi Miho.

"Ni na ce miki ta yi mini nauyi? Ke dai ki mutu, Radka, mu ga ko mijinki zai ɗauki ko da takalminki."