Inda Gero Ya Ƙare

Shekarun baya, da aka ɗauke ni aikin koyarwa, sai aka tura ni Jibiya. Ni mutumin wajen Funtuwa ne, ban taɓa taka garin ba. Matata na da tsohon ciki, don haka na bar ta wajen mahaifiyata, na ɗauko katifa da risho na kama ɗaki guda kusa da hanyar boda. Da an tashi makaranta malamai kowa ya hau babur ɗinsa, wannan ya yi ƙauyen Riko, wancan ya yi na Kusa, a bar ni da ɗakina. Wallahi kaɗaici ya ci ni a garin nan. Akwai ranar da na kama kaina ina yi wa rediyo gardama, har da nuna shi da yatsa.

Wani dattijo ne ya cece ni. Mutumin wani ƙauye ne a tsallaken iyaka, ta wajen Maraɗi. Kullum da safe yakan ƙetaro da buhunan gero ya zauna a rumfarsa yana aunarwa da tiya, kafin magariba ya koma gida. Da ƙuruciyarsa direban babbar mota ne, wadda su suke ce wa kamyo. Wata rana da la'asar ina wucewa ya kira ni.

"Malam, kullum kana wucewa kamar wanda aka aika, alhali na san babu mai jiranka. Taho ka sha shayi."

Na zauna, kuma tun daga ranar ban ƙara fashi ba. Ina ce masa Baba, yana ce mini Malam. Shi na fara gaya wa da aka bugo mini waya cewa matata ta sauka, don duk Jibiya ba ni da wanda zan gaya wa sai shi. Ya tashi tsaye ya rungume ni, ya auno tiya biyu ya ce a kai wa mai jego ta sha kunu.

To, ni ina da wani hali, kuma har yau ban gama rabuwa da shi ba: in na faɗi magana, sai dai ta zauna. Wata ranar Lahadi, rumfar cike da direbobi da 'yan dako, hira ta kai mu ga girman ƙasashe. Na gyara zama na ce ai Nijar gaba ɗayanta in aka ɗauko ta aka saka cikin Najeriya, sai ta yi ta kai da kawo kamar tsakuwa a gwangwani. Aka yi dariya.

Baba ya girgiza kai. "Malam, jama'a kun hi mu, wannan ba gardama. Amma hwaɗin ƙasa, mun hi ku. Ni na yi kwana da kwanaki ina tahiya da kamyo, ban hita ƙasarmu ba."

"Haba Baba! Motar ce dai ba ta gudu."

"To shi ke nan. Ba ku da taswira a lakwal, makarantar nan taku? Kawo ta gobe mu auna."

"Da me za mu auna?"

"Da abin da ake auna gona mana. In kana son sanin girman gona, ai sai ka tambayi iri nawa take ci."

Ni fa malamin lissafi ne, jama'a. Da na buɗe littafi ɗaya a ofishin malamai, da magana ta ƙare. Amma ina! Na tabbata ƙasar da ta fi yawan mutane ita ta fi faɗi, ban ga abin dubawa ba. Washegari na naɗo taswirar Afirka ta makaranta na saɓo ta a kafaɗa, ina tafe ina murmushi.

Baba ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne kusurwoyin da duwatsu. Ya ɗebo gero a tafin hannu ya zuba a kan Najeriya, yana baza shi da yatsa a hankali, ƙwaya ba ta hau ƙwaya ba, tun daga bakin teku har Sakkwato da Barno. Da ya rufe ta kaf, ya dube ni.

"Ka yarda ta ƙoshi?"

Na ce na yarda.

Sai ya tattaro geron nan, bai bar ko ƙwaya ba, ya tura shi sama cikin Nijar. Ya fara daga kudu, ya rufe Maraɗi da Damagaram, ya rufe Yamai da Tawa, ya yi ta hawa. Ya wuce Agadas kaɗan, sai gero ya ƙare. Ga fili nan fetal a sama, ruwan ƙasa, ba ko ƙwaya a kansa.

Rumfa ta kaure da shewa. Wani ɗan dako har da buga tiya kamar ganga. Kunya ta rufe ni. Maimakon in yi dariya in ce an ci ni, sai na ɗora yatsa a kan filin da ya rage na ɗaga murya.

"Wannan ai ba ƙasa ba ce, yashi ne! Wa zai ƙirga yashi? Ba kowa a nan, ba komai a nan."

Baba bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon inda yatsana yake, sannan ya ce, "Akwai, Malam. Ɗana shina nan."

Ya tashi ya ɗaure bakin buhunansa, tun rana ba ta yi sanyi ba, ya sa aka ɗora masa a babur ya tafi. Bayan tafiyarsa wani direba ya ja ni gefe ya ba ni labari. Babban ɗan Baba ne ya gaji tuƙin. Motarsa ta lalace can arewa da Agadas, shi da abokan tafiyarsa, ruwansu ya ƙare, sai daga baya wasu direbobi suka tarar da su, suka binne su a wurin. Baba bai taɓa ganin kabarin ba.

Na koma ɗaki. Na san abin da ya kamata: in je da safe in durƙusa in ce Baba ka yafe mini. Amma kunya da girman kai suka haɗu suka danne ni. Na ce gobe. Goben ta zo, na bi ta bayan kasuwa don kada in wuce ta gabansa. Kwana huɗu ina wannan shirmen, ina haddace kalmomin ban haƙuri kamar mai shirin jarrabawa.

A rana ta biyar na sayi sukari da ganyen shayi na nufi rumfar. Na tarar da motoci jere, direbobi zaune a ƙarƙashinsu. An rufe boda. Rumfar Baba ba kowa, sai murhun gawayinsa a kife. Ba shi da waya, ni kuma wata da watanni ina shan shayinsa ban taɓa tambayar sunan ƙauyensu ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Na koma hira da rediyo. Na duba littafin da ya kamata in duba tun farko, na ga gaskiyar Baba a rubuce: Nijar ta fi Najeriya faɗin ƙasa. Da la'asar nakan taka har inda aka gitta shinge in tsaya ina kallon hanyar Maraɗi. Ga ƙasar nan, ko da ƙafa mutum ya shiga, amma ta yi mini nisa.

Wata rana ina fitowa daga aji aka ce ana sallama da ni. Direban nan ne da ya ba ni labari, ya ratso ta ɓarauniyar hanya. Ya zaro wani ɗan ƙulli a tsumma daga aljihu ya miƙo mini.

"Tsoho ya ce a ba ka. Ya ce ka cike inda ya rage. Kuma ya ce yana gaida jaririya."

Na kwance, gero ne, bai fi cikin tafin hannu ba. A gaban ɗalibai hawaye ya zubo mini, ban ma damu ba. Na roƙi direban ya ce masa ya yafe mini. Ya ce zai faɗa in sun haɗu, don 'yar Baban ta zo ta tafi da shi garin mijinta, ƙafafunsa sun fara gazawa. Ban san ko saƙona ya isa ba. Kafin a buɗe hanya aka yi mini canjin wurin aiki. Na koma Jibiya sau ɗaya, na tarar wani na sayar da fetur a kwalabe a rumfar, kuma bai ma san wa nake nufi ba.

Har yau in na tuna, abin da ke damuna ba kuskuren ba ne, kowa na yin kuskure. Kwana huɗun nan ne. Mutum ya raba ni da kaɗaici, ni kuma na kasa taka 'yan taku in ba shi haƙuri.

Geron yana nan a cikin gwangwani a ɗakina. Duk shekara in na zo koyar da faɗin fili, nakan shimfiɗa taswira in sa ɗalibai su rufe Najeriya da gero, su tura shi Nijar, su ga inda ya ƙare. Sannan in buɗe gwangwanin in ba su na Baba. Daidai yake cikewa, ba ragi ba ƙari, don da ido ya auna shi tun ranar. Kuma kullum in hannunsu ya wuce Agadas sai in ce su bi a hankali, akwai mutum kwance a nan.