Ranar da Delbert ya kasa yin jawabi

Delbert Kinnaird mai sayar da kayan gyaran tarakta ne, kuma shi ya kafa makarantarmu a wani ɗaki da ke ƙarƙashin ginin coci. Burinsa yara su taso da Littafi Mai Tsarki, da harshen Latin, da iya kafa hujja a muhawara.

'Yarsa Lorna tana cikin ɗaliban farko, amma karatu ya ƙi shigarta, haruffa sai su riƙa juya mata. Delbert ya ji tsoron iyaye su ce makarantar ba ta iya koyarwa ba, sai ya mayar da Lorna makarantar gwamnati a asirce.

Da makarantar ta cika shekara talatin aka shirya biki. Shugabar makaranta ta ce ɗaliban farko su miƙe. Lorna, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta yi zamanta.

Wata tsohuwar ƙawarta ta zungure ta. "Ke, tashi mana! Ko tsufa ne ya kama miki gwiwa?"

Lorna ta yi dariya. "Ni korarriya ce, ku tambayi Baba."

Ba da zafi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Da aka kira Delbert don ya yi jawabi, ya tsaya kunya ta rufe shi, ya dubi 'yarsa ya ce, "Na cuce ki, Lorna." Ya koma ya zauna, kansa a sunkuye.

A shekarar ya matsa aka ɗauki malamar da ke taimakon yaran da karatu ke ba wuya. Har ya rasu bai ƙara yarda a kira shi gaban taro ba.